Ranar da Gwajina Ya Kusa Jawo wa Inna Tumba

Har yanzu ban iya mantawa da wata Laraba ta daminar bara ba, kuma ku sababbin zuwa nake so ku ji. Lokacin watana huɗu ina aikin sa-kai a wata ƙaramar asibiti ta wajen Tsamaye. Inchaji, wato shugaban asibitar, ya tafi Sabon Birni karɓo magani, ya bar ni ni kaɗai.

Daga cikin abin da ya koya mani akwai gwajin ƙwayar helikobakta, wadda ke zama cikin tumbi ta kawo gyambon ciki. Za ka soki yatsa, ka ɗiga jini kan wani ɗan farin faranti, ka jira minti goma. Layi ɗaya, babu. Layi biyu, jikin ya san ƙwayar.

Wajen azahar na ga mutane sun cika filin asibitar, sun fi talatin. Ko sallama ba a yi ba. Sun ɗauko wani manomi, Nomau, yana aman jini baƙi kamar an jiƙa gawayi. A bayansu ana jan wata tsohuwa mai saida daddawa, Inna Tumba, ɗankwalinta ya faɗi, an damƙa mata moɗar ruwa. Yayan majinyacin, Bawa, yana riƙe da gora.

"Ke ɗiyag ga," in ji shi, "ba magani munka zo nema ba. Wagga tsohuwa ta kama mai kurwa. Za ta kurkure baki ta ba shi shi sha, gaban hukuma, kowa shi shaida."

Na san al'adar. In ta yi, ta amsa ita mayya ce. In ta ƙi, gorar nan ba ado ba ce.

Na kira Inchaji a waya. Ya ce, "Jini na zuba cikinai. Ki sa a kai shi babbar asibiti yanzu, kar a ba shi komi ta baki." Sai layin ya yanke.

Na ce wa Bawa ya bari in nuna masa cutar da idonsa. Na gwada Nomau, layi biyu. A nan na yi wautar da har gobe take hana ni sukuni. Na ce bari in gwada tsohuwar ma, a tunanina nata zai fito layi ɗaya, in wanke ta.

Yatsanta sanyi ƙalau. Ba ta dubi allurar ba, ni take kallo. Muna tsaye layi na biyu ya fara fitowa, ja-ja, a hankali.

"Kun gani?" Bawa ya ɗaga farantin sama. "Abin da ke cikinai, shi a cikinta. Na'urar likita ma ta hwaɗi!"

Wani irin gunji ya tashi cikin mutanen, ƙasa-ƙasa, ba ka ganin bakin da ke yin sa. Suka matso. Inna Tumba ta ce mani, "Ɗiyata, mi na yi maki?"

Sai na tuna Inchaji ya taɓa cewa a ƙasashe irin namu mafi yawan mutane na ɗauke da ƙwayar nan tun ƙuruciya, ta ruwan sha da kwano ɗaya, kuma yawanci ba ta kwantar da su. Na ce, "Baba Bawa, kawo naka yatsan."

"Ni? Lahiyata lau!"

Wata mata daga baya ta ce, "To mi kaka tsoro?" Dole ya miƙo.

Muka jira minti goma. Layi biyu. Na gwada matar Nomau, da ladan na garin, da wadda ta yi maganar, da duk wanda ya miƙo hannu, har kayan suka kusa ƙarewa. Na jera su kan benci. In ban da guda biyu, duk layi biyu ne. Na ƙarshe na soki kaina. Ni ma haka.

Kowa ya ƙi kallon na kusa da shi. Ladan ne ya ce, "In wanga abu maita ne, to garinmu babu mutum." Ya karɓi moɗar daga hannun tsohuwar ya zubar. Aka ɗora Nomau kan babur, mutum biyu suka riƙe shi. Ya yi kwana tara a asibiti, ya dawo da ƙafarsa.

Da Inchaji ya ji, bai yaba mani ba. Ya ce, "Wa ya ce ki yi gwaji gaban taro? Da na Bawa ya fito layi ɗaya fa?"

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba su ƙin yarda da gwaji, yarda suke yi da shi fiye da kima, sai dai kowa abin da ya zo da shi a zuciya yake karantawa a ciki. Kafin ku soki yatsan kowa, ku rufe ƙofa, ku kuma tambayi kanku wa sakamakon zai faɗa wa a kai.