Ranar Da Na Ƙi Duba Kulu

Ni mutuniyar Talata Mafara ce. Tarihi na karanta a jami'a, na dawo gida ba aiki. Wata rana maƙwabciya ta kawo magani in karanta mata yadda ake sha, ta kira ni "Nas". Ban gyara mata ba. Ina jin daga nan abin ya fara.

Sai na sayi farar riga da tsohuwar na'urar awon jini wadda ba ta aiki. Ina bin ƙauyukan Janbako ranar kasuwa, ina yi wa masu ciki awo, ina ce musu lafiya lau. Ɗaya daga cikinsu ta rasa ɗanta. Ban san ko da ta je asibiti zai rayu ba, amma na san ni na hana ta zuwa asibiti. Aka kama ni, aka ɗaure ni.

A gidan yari ma "Nas" ake ce mini. A ɗakinmu akwai Kulu, matar wani mahauci daga Damri, da tsohon ciki. Tun shigowarta ba a kai ta awo ba, kullum sai a ce babu mota. Wata safiya ƙafafunta suka kumbura, ta ce kanta kamar zai tsage, tana gani dishi-dishi.

Inna Hassi, babbarmu, ta ce, "Nas, tashi ki duba ɗiyar ga mana. Mi kike jira?"

Da na taɓa cikin na ce lafiya, da sun yarda. Na ce, "Inna, ni ba nas ba ce. Ban san komi ba."

Na ɗauki kwanon abinci na dinga dukan ƙofa. Gandiroba ta zo ta ce, "Ke mai kashe 'ya'yan mutane, yau ke ce mai tausayi?"

Na ce, "Hajiya, ni alƙali ya ɗaure. Wanda ke cikin cikin nan, wa ya yanke masa hukunci?"

Sauran mata suka ɗauki kwanoninsu, suka taya ni dukan ƙofar. Kafin azahar aka samo mota. Ni kuwa aka kulle ni ɗaki ni kaɗai. An ce Kulu ta fara jijjiga a hanya, amma ta rayu, ita da ɗiyarta.

Yanzu na fito, na tuba, ina neman gafarar matar Janbako. Dukan ƙofar nan kuwa ba zan nemi gafara a kansa ba. Ƙannena, ban isa in yi wa'azi ba, sai dai wannan: kada ku amsa sunan da ba naku ba. In mai ciki ta ce kanta na ciwo, ko a kurkuku take, ku yi ta ihu har a kai ta asibiti.