Tasar Mai Alkaki

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron rubuta abin da zai taɓa mutuncin waɗanda suka rasu. Sau uku ina tambayar maigidana ko babu laifi. A na ukun ya ce in rubuta kafin in sa masa hawan jini.

A unguwar Koki ta Kano aka aurar da ni, daga hannun gwaggona, wadda ba ta da ƙarfi. Ranar jere kwanukana suka kasa cika ɗakin, sai maƙwabta suka kawo nasu aro don kada dangin miji su ga giɓi. Bayan an kwana biyu kowa ta karɓi nata. Saura tasar tagulla guda, ta wata tsohuwa mai alkaki da ke bayan gidanmu. Kafin in mayar, aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Makurɗi. Cikin gaggawa aka ɗaure kaya, sai can na buɗe buhu na gan ta.

Da a ranar na faɗa masa, da an wuce wurin. Amma shi ya fara ɗaukarta, ya juya ta, ya ce, “Wannan ta gado ce ko?” Kunya ta kama ni, na ce e. Shekarar da ta biyo baya, gwaggo ta rasu, na je gaisuwa ban ɗauki tasar ba, don ban san abin da zan ce masa ba. Shekara talatin ina goge ta da toka da lemon tsami, ban taɓa zuba ko gishiri a ciki ba. Duk wa’azin da aka ambaci amana, sai in sunkuyar da kai.

Da yara suka watse, gidan ya yi shiru. Shi yana gefe da rediyonsa, ni ina gefe da tunanina. ’Yarmu ce ta ƙirga shekarun aurenmu, ta ce lallai mu je Kano mu ga inda aka fara. Na naɗe tasar a zane na cusa a jaka.

Muna cikin adaidaita, daidai Ƙofar Nassarawa, aka faɗa rami, jakar ta bugi ƙarfe ta yi ƙara.

Maigidana ya ce, “Hajiya, ƙararrawa kika taho mana da ita?”

Nan na faɗa masa komai, ina kuka, mai adaidaita yana ji. Na ce a raina shi ke nan. Sai ya fashe da dariya.

“Babbar rigar da na sa ranar ɗaurin aure, ta abokina ce. Har hular.”

“Malam, ka mayar?”

“Washegari.”

“To ka gani! Kai ka mayar.”

Dariyar ta tsaya. Ya karɓi jakar ya ɗora a cinyarsa, ya ce wa mai adaidaita, “Koki za ka kai mu.”

Ban gane lungunmu ba sai da ƙyar. Gidan tsohuwar an rushe shi an yi na bulo, mutanen ciki ba su taɓa jin labarinta ba. Maigidan nan nawa da ko hanya ba ya son tambaya, na ga yana bin zaure zaure yana sallama, rungume da jakar mata. Wani dattijo a kan dakali ya tuna ta. Ya ce ta daɗe da rasuwa, ta bar ’ya ɗaya da ta auri wani baduku, mai ɗinkin fata, suka koma wajen Bichi, ko kuma Dambatta, bai tabbatar ba.

Muka zaga Kasuwar Kurmi wurin masu fata, babu wanda ya sani. Ƙafafuna suka gaji, ya nemo mini benci, ya ɓace, ya dawo da alkaki a takarda. Muna ci ya ce, “Nakan gan ki kina goge tasar nan kina share hawaye. Na ɗauka gida kike tunawa, kina nadamar biyo ni.”

Ni kuwa na ɗauka shi ya gaji da ni da fargabata. Rabon da mu ci abu a takarda ɗaya har na manta. Na gode wa Allah da ramin nan na titi, na gode wa ’yata, na kuma gode wa tsohuwar da ta rufa mini asiri, Allah Ya ji ƙanta. Yanzu shi ke goge tasar ranar Juma’a, duk da ba ya fitar da ita sosai.

Amma har yau ba tawa ba ce. Tana da ’yar lotsawa a baki, da ɗigo uku da aka buga da ƙusa a gindi. Don Allah, duk wanda ya san ’yar mai alkakin Koki, ko jikokinta, ya sanar da waɗanda suka buga wannan rubutu. Malam ya ce ko ina ne zai kai ni.