Ƙafafun Sarkin Noma

Tafiyar Zariyar nan ta ba ni wuya. Mota ta lalace a hanya, rana ta dake mu, ga ƙafata ta hagu kamar ba tawa ba. A asibiti likita ya tsikare ta da allura, ban ji komai ba. Ya ce suga ne, kuma in na ci gaba da irin zaman da nake yi, wata rana yanke ta za a yi.

Da na fito na shiga cikin birni neman masallaci, na zauna hutawa a inuwar wani tsohon soro. Bangon duk zanen maginan da ne: dagi, takobi, keke, agogo. Waɗannan na gane, mai gidan ne ke nuna abin da ya mallaka. Amma can ƙasa, gefen ƙofa, an fitar da tafin ƙafa biyu, babu jiki. Na tambayi wani dattijo mai ɗinkin hula a wurin. Ya ce shi ma haka ya tashi ya gan su, wasu na cewa alamar magini ce, wasu na cewa maganin ɓarayi. Na daɗe ina kallo. Wa zai yi taƙama da ƙafa alhali yana da keke?

A motar dawowa Iya ta faɗo mini a rai, kakata ta wajen uba. Lokacin muna yara, ba a daɗe da kawo ruwan kanal wajenmu na Bunkure ba. In an ci tuwo takan tara mu bakin murhu, tana tura karan dawa a wuta, mu muna binne dankali a toka. Akwai tatsuniyar da take yawan yi mana, ta wani sarkin noma da ya sayi doki. Tun da ya hau bai ƙara taka ƙasa ba. Gona a kan doki, kasuwa a kan doki, har gaida maƙwabci. Ran nan ya farka ya tarar ƙafafunsa sun zare sun yi tafiyarsu. Aka ɗora shi a dokin ana ta cigiya, sai a bakin rafi aka same su, sun bi wata tsohuwa suna taya ta ɗiban ruwa.

Nan Iya takan maƙale murya ta yi maganar ƙafafun: "Mu ba ado ba ne, maigida. Ka daina aikenmu, mun sami mai aikenmu." Sai ta finciko babban yatsan ƙafata ta ce, "Kai ma mijina rago, naka shirin gudu suke." Mu yi ta dariya. Ban taɓa tambayarta ko sun koma masa ba.

Ni dokina babur ne. Gona a kai, masallaci a kai, teburin mai shayi ma a kai. Abin da maginin can ya nufa kuwa, har yau ban sani ba.

Da na iso gida na ce wa matata Hajara ta daina zuba mini suga a koko, ta rage tuwon shinkafa, ta ƙara zogale. Ta ce za ta gani in zan kai Juma'a.

Washegari bayan asuba na bar babur a zaure, na bi bakin kanal a ƙasa zuwa gonar tumatir. Maƙwabcina Sale ya wuce ni a kan nasa, ya tsaya ya ce, "Mai ne ya ƙare?"

Na ce, "A'a. Ƙafafuna na aika, ina raka su."