Lafayar Da Ta Sauke Ni Daga Bayan Mijina

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko wa wannan shafi, yau na ce bari ni ma in sauke nawa, ko da wasu za su ga bai kai ya kawo ba.

Lokacin da abin ya faru ni amarya ce da ba ta gama sabawa da gidan miji ba. Ina koyarwa a wata firamare a Bulumkutu, muna zaune a Ajilari, a gidan iyayen maigidana. Gidan yawa ne: ga surukata, ga yayyensa da matansu, ga ƙannensa mata masu ido kamar na shaho. Ɗakinmu yana jikin na surukata, bangon kuma ba kauri, ko atishawa na yi sai na ji ta yi mini addu'a daga can. A tsakar gida kuwa ni da shi ba ma haɗa ido. In ya shigo ina aiki sai in sunkuyar da kai, shi ma ya wuce fuska a ɗaure, wanda bai sani ba sai ya ɗauka bashi nake binsa. Haka tarbiyyarmu take, ba wanda ya tilasta mana, amma gaskiya na yi watanni ban san irin mutumin da na aura ba.

A kan babur na san shi. Wannan kafin a hana hawa babur ne a Maiduguri, lokacin da ko'ina ka duba 'yan acaɓa ne da ma'aikata da ɗalibai, gari na ta ƙugi tun safe. Nasa ja ne, tsoho, ya saye shi a hannu, amma yana goge shi kullum kamar jiya aka ɓare shi daga leda. Shi yake kai ni makaranta kafin ya wuce ofis, ya dawo ya ɗauke ni. Da mun bar layinmu mun hau kwalta, sai bakin mutumin nan ya buɗe. Ashe mai barkwanci ne, yana kwaikwayon tafiyar ogansa da kafaɗa yana tuƙi, ina dukan bayansa ina cewa ya kalli hanya. A nan muka yi faɗanmu na farko, muka shirya kafin mu kai ƙofar makaranta. A gida Kanuri muke yi, amma a kan babur Hausa ce ke fitowa, don akwai maganar da nauyinta ba zai bar ka ka faɗe ta da harshen da uwarka ta yi maka faɗa da shi ba. Duk hirar aurenmu a tsakanin Ajilari da Bulumkutu aka yi ta, iska na kwashe rabi ina tsintar rabi.

Damina kuwa ita ce sallata. Da rani hannuna yana kan ƙarfen baya, don mace mai mutunci ba ta riƙe miji a titi mutane na kallo. Amma da ruwa ya sauko, ba mai cewa komai in ta kama shi, kowa ya san tsoron santsi ne. Ni kuwa ba tsoron da nake ji ko kaɗan. Ina jin ko manoma ba su kai ni roƙon ruwa ba a wancan lokacin, Allah Ya yafe mini.

Dalilin rashin tsorona shi ne na san wanda ke gabana. Maigidana ya iya babur a ruwa, kuma ba iyawar ganganci ba. In ruwan farko ne, ba ya fita sai ruwan ya wanke baƙin mai da yashin da suka kwanta a kwalta, yakan ce a lokacin ne titi ya fi yaudara. Ba ya shiga ruwan da bai ga ƙasansa ba, sai ya jira mota ta wuce ya bi sawun tayarta. Ba ya cafkar birkin gaba, a hankali yake taka na baya tun daga nesa, in za mu sha kwana kuma yakan gaya mini in zauna daram, kada in taya shi karkata. In ruwan ya fi ƙarfin ido, sai mu fake a rumfar wani shago tare da 'yan acaɓa, ana ta musu a kan ko zai ɗauke kafin la'asar, ni ina gefe ina jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na darbejiya. Abu ɗaya da ba ya wasa da shi shi ne lafayata. Duk matar Borno ta san tsawon lafaya, yadi ne mai yawa da ake naɗewa daga ƙafa har kai. Kafin ya tayar da babur sai ya waiwayo ya duba, ya sa in tattare jelarta in zauna a kai, in ya ga wani gefe yana lilo ya cusa shi da hannunsa. Ina yi masa tsiya cewa ɗaure ni yake kamar buhun wake, shi kuma ya ce ai buhun wake ba ya gardama.

Ranar da abin ya faru mun je Dusuman ne barkar haihuwar 'yar gwaggona. Tafiya ce mai nisa, sai an ratsa gari kaf, abin da nake so ke nan. Na sa sabuwar lafaya mai shara-shara, ruwan toka da furanni, na turare ta tun jajibiri. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, gwaggona ta ce mu zauna sai ya zuba ya ɗauke, har ta ce a ƙara mana shayi. Maigidana ya kalli sama ya yarda da ita. Ni ce na tashi na ce ina da littattafan yara da zan duba, gobe makaranta, in muka tsaya dare zai yi. Littattafan akwai su, ba ƙarya na yi ba, amma Allah Ya sani ba su ne a raina ba. Ya duba lafayar kamar kullum, ya cusa gefen da ya zubo, muka kama hanya.

Ba mu yi nisa ba ruwan ya tsinke. Ya rage gudu, na kama shi, muna tafiya a hankali yana ba ni labarin wani abokin aikinsa da ya zo ofis da takalmi ƙafa daban-daban. Sai na lura ba shi da rigar ruwa, ya manta ta a gida, ga shi bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, farar rigarsa ta manne da bayansa har ina ganin ƙashin kafaɗarsa. Tausayi ya kama ni, da wasa kuma a ciki, ba zan ɓoye ba. Na warware saman lafayar daga kafaɗata na yafa masa a baya, na ja ta ta rufe mu mu biyu. Da ta gaza, sai na ɗan ɗaga jiki na zaro wadda nake zaune a kai. Ya ce in bari, in mayar da ita yadda take, amma yana dariya yake faɗa, ni kuma na ɗauki dariyar na bar maganar. Na tuna ɗumin da muka ji a cikin yadin nan, da ƙanshin turare da ruwa ya tayar. Ban taɓa jin daɗin aure kamar a wannan ɗan lokacin ba.

Abin da ban yi tunani ba shi ne jiƙaƙƙen yadi ba ya tashi a iska, ƙasa yake yi. Jelar ta sha ruwa ta yi nauyi, ta zame ta gefen ƙafata ta shiga wayoyin tayar baya. Ban ga komai ba. Ji na yi kawai an fizgo ni ta wuya da ƙarfin da ban taɓa ji ba, sai ga ni a kwalta, babur yana jana. Tayar ta cije, babur ya zame ya kwanta a gefe. Lafayar ta shaƙe ni, ina buɗe baki numfashi ba ya shiga, ina ganin maigidana a kaina yana yagar yadin da hannu da haƙori, jiƙaƙƙen yadi ya ƙi yaguwa. Wani mai nama da ya fake a bakin hanya ne ya rugo da wuƙarsa ya yanke. Matan wani gida suka fito cikin ruwan nan suka lulluɓe ni da zani, don abin da ya rage a jikina ba na fita ba ne. Har yau ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ba na sallah ban sa su a addu'a ba.

Na karye a kafaɗa, wuyana kuma ya yi shati baƙi da ya daɗe bai ɓace ba. Duk wanda ya ga wurin ya ce da gudu muke da sai dai wani labarin. Tafiyarsa ta a hankali ce ta cece ni, amma shi bai taɓa kallon abin ta nan ba. Surukata, wadda na zata za ta yi mini faɗa, ita ta yi jinyata, tana gasa mini kafaɗa tana kuka tana zagin babur da wanda ya ƙera shi. Na gaya wa kowa ni na warware lafayar, ban ɓoye ba. Maigidana dai abin da yake ta maimaitawa shi ne ya ji na zaro ta, ya kamata ya tsaya, bai tsaya ba saboda shi ma daɗin yake ji.

Da na warke na shirya da safe na fito, na tarar ya yi magana da wata maƙwabciyarmu mai mota za ta riƙa sauke ni a makaranta. Na yi fushi, na yi lallashi, na yi alkawarin zan sa hijabi gajere, zan ɗaure zani da igiya in ya ga dama. Ya ce in bari damina ta wuce. Damina ta wuce, ya ce in bari kafaɗar ta ƙara ƙwari. Wata daminar ta zo, ya ce ai na ga ruwa ya dawo. Ba faɗa yake yi ba, amma da na ambaci babur sai fuskarsa ta canza, in ga mutumin nan da ke durƙushe a kaina yana cizon yadi. Ina cikin lissafin bana ko baɗi zai sauko, sai gari ya rikice, aka hana babur gaba ɗaya. Ya kai shi wani gari ya sayar, ya dawo a motar haya. Ranar na shiga bayi na yi kuka, don ko kukan ba inda zan yi shi ba a ji ba.

Yanzu mun tashi daga gidan yawa, muna gidanmu, yaranmu sun girma, muna zaman lafiya, kada wani ya ɗauka ƙorafi na kawo. Muna hira, amma hirar cefane ce da kuɗin makaranta da wane ya rasu. Waccan hirar ba ta biyo mu cikin ɗaki ba, na jira ta har na gaji.

Shi ya sa nake kira ga 'yan uwana mata da ke garuruwan da har yanzu ake hawa babur. Lafaya, hijabi mai jan ƙasa, mayafi, zanin goyo, duk abin da ke lilo ku tattare shi ku zauna a kai, kuma kada ku taɓa shi sai an tsaya, musamman in ya jiƙe. In kin ga mijinki yana shan ruwa kin ji tausayinsa, ce masa ya tsaya ku fake. Ku kuma maza, in kun ji ta baya tana gyara kaya, ku taka birki, ko da dariya ake yi. Na koyi cewa ba sai an rasa rai ake yin asara ba, tsoron da na sa wa bawan Allahn nan ya fi karayata daɗewa. Yanzu in za mu fita keke napep muke hawa, shi ya zauna gaba kusa da direba, ni a baya tsakanin matan da ban sani ba, ina kallon furfurar ƙeyarsa. In ruwa ya sauko direba ya saki labulen leda, ni kuma in kama ƙarfe in riƙe har mu iso gida.