Bindigar da na ce na iya

Edita, ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru shekarata ɗaya da rabi a Doha, ina gadin ma'ajiyar kayan wani Balarabe, kuma ni mutum ne mai cika baki. Babana mafarauci ne a ƙauyenmu, na tashi ina ɗaukar masa bindigar toka, ina goge ta, ina ɗura mata albarushi. Ɗan abin nan da na sani shi na mayar abin taƙama. A ɗakinmu na unguwar Bin Omran, inda muke kwana mu shida, ba a zaman shayi ban kawo labarin farauta ba, har da namun dajin da ban taɓa gani ba. Wanda ya fi kowa yi mini dariya shi ne mutumin da nake kira Yaya. Ba ciki ɗaya muka fito ba, ɗan unguwarmu ne, shi ya yi mini hanya wajen kafil ɗinsa, wato Balaraben nan da muke yi wa aiki, shi ne kuma direbansa. Shekara tara yana tuƙi a garin nan. A lokacin ya riga ya kama ɗan ɗaki a unguwar Old Airport amma bai tare ba tukuna, yana jiran takardun ziyarar matarsa da 'yarsa.

Wata Asabar da safe kafil ya ce in bi su shi da Yaya gonarsa da ke bayan gari, a gyara garken raƙuma. Muna ɗaga buhun dusa sai ga kububuwa a naɗe. Kafil ya koma mota ya ɗauko wata bindigar hannu da yake da lasisinta, ya harba sau ɗaya, macijin ya tarwatse. Yaya ya yi mini bayani cewa harsashinta irin na bindigar harbin tsuntsu ne, cike da ƙwayoyin dalma masu watsuwa in an harba. Sai ya ƙara da tsokana, ya gaya wa kafil ai ga ɗan mafarauci nan a tsaye. Kafil ya ji daɗi, ya miƙo mini ita da tsumma da kwalbar mai, ya tambaye ni ko na iya buɗe ta in goge. Wallahi ban taɓa riƙe irinta ba. Na ce na iya tun ina yaro. Ya ce yalla, wato in kama aiki, ya tafi wajen raƙumansa.

Na zauna a gindin dabino, Yaya ya zauna a gabana yana zuba mana shayi. Na juya bindigar nan ta kowace fuska ina neman inda ake buɗe ta, ban gani ba. Ga wani ƙarfe mai juyawa a tsakiyarta, na taɓa shi, ya ƙi motsi. Yaya ya ɗago ya tambaye ni ko lafiya, na ce dubawa nake yi. Kunya ce ta kama ni, kunyar a koma Bin Omran a ce ɗan mafarauci ya kasa buɗe bindiga. Sai na lallashi kaina da abin da na tashi a kai. A gidanmu, bindigar da aka harba ta zama sanda, babu komai a cikinta sai an sake ɗurawa, ko mu yara muna wasa da ita. Na ji ƙarar wannan da kunnena, to me ya rage? Na goge bakinta, na goge jikinta, sannan na yi abin da hannuna ya saba yi wa ta babana: na ɗiga mai a gindin kunamar, na ja ta don man ya shiga.

Ban ji ƙarar sosai ba. Abin da na gani shi ne butar shayi ta yi tsalle, Yaya ya dafe fuskarsa da hannu biyu yana salati, jini yana bin tsakanin yatsunsa. Kafil ne ya tuƙa mu zuwa asibiti a Doha, ni ko tuƙi ban iya ba, ina baya na rungume kan Yaya ina kuka, shi kuma yana ce mini in yi shiru. Likitan da ya fito mana Bahaushe ne, ya ja ni gefe ya gaya mini da harshenmu cewa idon hagu ya tafi, na dama ma ya taɓu. Kwana huɗu na yi a hannun 'yan sanda. Da suka je wajen Yaya, ya ce musu kuskure ne, ni ƙaninsa ne, ya yafe, khalas, magana ta ƙare. Ranar da za su sake ni wani jami'i ya ɗauko bindigar, ya tura wani ɗan maɓalli a gefenta da babban yatsa, ƙarfen nan ya faɗo gefe. Ramukan harsashi biyar ne a jikinsa. Ya nuna mini: ɗaya na maciji, ɗaya na Yaya, uku kuma sun same su a cike.

Tuƙi ya ƙare wa Yaya. Ya mayar da makullin ɗakin da ya kama, matarsa da 'yarsa ba su taɓa ganin Doha ba. Ni na ɗaukar masa jaka zuwa filin jirgi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai da za mu rabu ya juyo da gefen da yake ɗan gani da shi, ya tambaye ni a hankali me ya hana ni ce masa ban iya ba. Ya ce ya sha ganin kafil yana buɗe ta, da ya nuna mini.

Yau shekara uku ke nan, ina nan ina gadi, kuma gadon Yaya da ke sama da nawa wani ne yake kwana a kai. Na daina labarin farauta. Ina roƙon 'yan'uwana da ke zuwa ƙasashen nan neman halak, duk bindigar da aka miƙo muku ku ɗauka a cike take, kada bakinta ya kalli kowa, kuma abin da kuka saba da shi a gida kada ku ɗauka haka yake a ko'ina. In ba ku iya ba, ku faɗa. Da na faɗa, dariyar mako ɗaya za a yi mini a ɗaki, Yaya ne zai fi kowa yi, kuma da idanunsa biyu.