Ƙafata ta Hagu a Kyamarar Zafi

Har yau idan ina alwala na kai kan ƙafar hagu, sai na dakata na duba ta, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Mutanen masallacin unguwarmu sun ɗauka waswasi ne ya kama ni. Ban taɓa tsayawa yi masu bayani ba. Ƙafar nan saura ƙiris a yanke ta, kuma abin da ya hana wata na'ura ce da na tsana tun ranar da na fara ganin ta.

A lokacin ina aikin lantarki a wani ƙaramin kamfanin matse gyaɗa da ke hanyar Batagarawa, wanda yanzu ko bangonsa babu. Bokona bai yi nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya, sauran a bakin aiki na koya. Kowace safiya nakan zaga injuna ina ɗora masu bayan hannu. Wanda ya yi ɗumi daidai in wuce, wanda ya yi zafin da bai kamata ba in sa a kashe shi mu duba. Da wannan bayan hannun na yi aure, da shi na ciyar da yara.

Sai soja suka miƙa mulki ga farar hula. Gari ya cika da fastoci, kowa ya zama ɗan siyasa, har masu gadi. Wani Alhaji da ya tsinci kansa kusa da gwamnati ya sayi kamfanin namu. Ranar da ya zo ya tara mu ya ce zamani ya canza, za a gyara komai. Mu da muka daɗe muna aiki mun san idan mai kuɗi ya ce gyara, to rage ma'aikata yake nufi.

Ba a daɗe ba aka kawo mana injiniya, wani saurayi ɗan mutanen Filato, amma haihuwar Katsina ne, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya zo da akwati, a ciki akwai abu kamar kyamarar masu ɗaukar biki. Ya ce mana wannan ba fuska take ɗauka ba, zafi take ɗauka. Duk abin da ke duniya yana fitar da ɗumi, ido ba ya gani, ita tana gani, sai ta mayar da shi launi a ɗan gilashinta. Mai sanyi ya fito shuɗi, mai ɗumi ya fito ruwan ɗorawa, mai zafi ya fito ja har ya yi fari.

Aka ce in riƙa bin shi ina buɗe mashi akwatunan wuta. Na bi. Abin da nake yi a yini guda, shi kafin hantsi ya gama, bai taɓa komai ba, bai sa an kashe inji ko ɗaya ba. Yana tsaye daga nesa zai ce boris ɗin wancan ya fara ci, bel ɗin wancan ya yi tsauri. A babban akwatin wuta ya nuna mani wata mahaɗar waya, a gilashi ta yi jajur kamar garwashi. Na dube ta da idona, fes take, ko tabo babu. Wurin kuma ba a sa hannu, sai wanda ya gaji da duniya.

"Malam, in an kashe wuta a kwance wannan," in ji shi.

Da aka kashe na kwance. Ciki ya ƙone ƙurmus, tagullar tana marmashewa a hannuna. Na dai san daga ranar bayan hannuna ya rage daraja.

Ranar da abin ya faru, azahar ce, muna bakin famfo. Injiniya ba ya salla, amma yakan zauna a benci ƙarƙashin dalbejiya ya jira mu. Ma'aikata suka dame shi sai ya haska su su ga kansu. Shugaban masu walda, wani Banufe da kullum muke tsokanar juna, shi ya fara leƙawa aka haska ni.

"Kai jama'a, ku zo ku ga kan Bakatsine! Shuɗi ne tas, babu abin da ke aiki a ciki."

"Hula ce, mahaukaci," na ce. "A haska cikinka mu ga kifin jiya, ko ya narke."

Aka yi ta dariya. Injiniya ma yana dariya, yana sauke kyamarar ƙasa, sai na ga ya daina. Mun gama alwala ke nan, ƙafafuwan kowa sun sha ruwa sun fito shuɗi a gilashi. Tawa ta dama ma haka. Ta hagu kuwa, daga gindin babban yatsa, ja ce.

Bai yi magana a gaban mutane ba. Sai da muka idar da salla ya kira ni gefe, ya sa na zauna na miƙe ƙafafu har suka bushe, ya sake haskawa. Jan nan yana nan, har ya fi na ɗazu.

"Tana maka ciwo?"

"Ko kaɗan. Ta ma daɗe ba na jin ta sosai, kamar ina taka auduga."

"Kana yawan jin ƙishirwa? Fitsari fa?"

"Kai likita ne ko injiniya?"

Bai ji haushi ba. Ya ce shi ba likita ba ne, amma inda aka koya masu aiki da na'urar an nuna masu likitoci na bincike da ita a kan ƙafafun masu ciwon suga. Idan ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi a wuri guda, sau da yawa gyambo ne ke haɗuwa a ciki tun bai fito ba. Ya ce in ba shi takalmina. Ya zura hannu ciki, ya yi saurin zarewa yana yarfe yatsa. Guntun waya ne ya huda ƙasan takalmin ya tsaya a tsaye. Allah kaɗai ya san tun yaushe nake taka shi. A tafin ƙafar kuwa babu komai sai ɗan baƙin ɗigo a tsakiyar wata kanta, inda fata ta yi tauri.

"Ka tafi asibiti yau, Malam. In ka yi wasa da wannan, ƙafar za su cire."

Ban je ba. Ana shirin rage mutane, wa zai kai kansa ofis ya ce ba shi da lafiya? Na dai roƙe shi kada ya faɗa wa manaja, ya ce ba aikinsa ba ne kai rahoton ƙafa.

A gida na ba uwar yarana labari. Ta duba ta ce ita ba ta ga komai ba sai kaushi. Muka yanke shawara ranar Juma'a in je wurin wanzamin Ƙofar Guga ya yi mani ƙaho a wurin, a zuƙe mataccen jini. Haka ubana yake yi duk shekara, kuma da ƙafafunsa biyu ya mutu. Kafin nan kullum da marece takan kawo kaskon wuta in gasa ƙafar, tunda ba na jin ɗumi a cikinta.

Ana gobe Juma'a injiniya ya tare ni a ƙofar ɗakin injuna.

"Me likita ya ce?"

"Wanzami zai gani gobe."

Ya dubi ƙafata. Sannan ya ce, "Cire takalmin."

"Ka fita harkar ƙafata, yaro. Aikina ka zo cinyewa, ka ci. Ƙafar ma taka ce?"

"Ba tawa ba ce. Cire ka gani da idonka, daga nan ba zan sake magana ba."

Na cire, don in rabu da shi. Wannan karon ya juyo da gilashin ya riƙe mani. Jan ya bar gindin yatsa ya haura har kusa da idon sawu, tsakiyarsa ta yi fari. Na dubi ƙafar da idona, ɗan kumburi ne kawai, wanda ba zai hana mutum zuwa kasuwa ba. Na sake duban gilashin. Sai mahaɗar wayar nan ta faɗo mani a rai, yadda take fes a waje, da yadda ta marmashe a hannuna. Ni na kwance ta, ba labari aka ba ni ba.

Ban ko nemi izini ba, na tari ɗan acaɓa sai asibiti.

Likita ya auna jinina ya ce suga ne, kuma ya daɗe. Da ya yanke kantar, abin da ya fito ba na faɗa ba ne. Ya ce saura kaɗan gyambon ya taɓa ƙashi. Da na ambaci ƙaho da kasko, ya ajiye almakashi ya dube ni, sai wata nas ta ce, "Baba, kai dai Allah ya so ka." Aka kwantar da ni. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani makiyayi daga bayan gari, shi ƙaya ya taka bai ji ba, ya zo a makare. Daga gwiwa aka yanke tasa. Kullum yana tambayar masu zuwa duba shi wa ke kai shanu rafi.

Banufen nan ya zo gaishe ni da lemo a leda, nas ta ƙwace. Ya ce, "To Bakatsine, ashe duk wutar jikinka a ƙafa ta taru, shi ya sa kan ya yi sanyi." Shi ne kuma ya faɗa mani an rage mutane, kuma ina ciki. Ya faɗa yana kallon silin.

Daga baya likitan ya nemi injiniya ya riƙa zuwa da kyamarar ranar masu suga, suna haska ƙafafunmu don wani bincike da yake yi. Na je sau da yawa na miƙe ƙafa an ɗauka. An ce hoton ƙafata ya shiga rubutunsa. Ban taɓa gani ba, kuma ba na jin zan iya karantawa.

Yanzu ina da 'yar rumfa kusa da hasumiyar Gobarau, ina gyaran fanka da dutsen guga. Aikin bai kai wancan ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na huce ba. Da na'urar ba ta zo ba, wataƙila da ba a sallame ni ba, wataƙila kuma da yanzu da sanda nake tafiya. Na rasa yadda zan yi da wannan lissafin, sai na bar shi.

Injiniyan yana wata jiha yanzu. Idan ya zo ganin iyayensa yakan biyo ta rumfata, kafin ma mu gama gaisawa idonsa na ƙasa. Nakan ce mashi tana nan, ba a cire ba. Kyamara ba ni da ita, don haka kowace safiya nakan zazzage takalmi, sannan in ɗora bayan hannu a ƙafar dama, in ɗora a ta hagu, in ji ko ɗumin ya zo ɗaya. Yau da safe ya zo ɗaya.