Kalmar da Na Zaɓa wa Injiniya

Shi dai ba injiniya ba ne, ko sakandare bai gama ba. Mahaifina ne ya laƙaba masa sunan ranar da ya kwance injin buga takardu kaf, ya baje kayan cikinsa a kan kwali, ya sake haɗawa, injin ya tashi. Kusoshi biyu suka rage a hannunsa, har yau ba wanda ya san daga inda suka fito. Tun daga ranar kowa a maɗaba'armu Injiniya yake ce masa, har matarsa.

Gajere ne, ba ya son hayaniya, kuma wuƙar yankan takarda ta ɗauke masa kan yatsa ɗaya tun yana saurayi. Idan inji ya fara wani ƙara, sai ya ɗora bakin sukudireba a jikinsa, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Bel ne," kuma bel ɗin ne. Ina 'yar firamare shi yake yanka mini ragowar takardu ya ɗinke mini littafin zane. Da mahaifina ya rasu na hau kujerarsa, sai ya koma ce mini uwar ɗaki, ni da ya sha share wa majina.

Shekara tara ke nan da ya shigo ofishina riƙe da guntun jarida. Wani babban kamfanin buga littattafan makaranta ne yake neman mai kula da injuna. Akwai fansho, akwai asibitin ma'aikata da iyalansu, ga shi matarsa tana fama da ciwon suga.

"Uwar ɗaki, takardar shaida suke so, da Turanci," ya ce. "Ke ce mai Turancin gidan nan."

Haka ne kuwa. Turanci na karanta a jami'a, kuma ina da ɗan banzan iyayi a kai. Na san yadda masu ɗaukar aiki suke auna kalmomin irin wannan takarda. Useful ta fi dacewa da almakashi da sifana, abin da za ka mora ka ajiye. Beneficial ta magani ce da motsa jiki. Helpful ta mutumin kirki ce wanda zai riƙe maka ƙofa ko ya nuna maka hanya, ka gode masa, amma ko babu shi aiki ba zai tsaya ba. Wanda gida ya dogara da shi, asset ake ce masa. A tallar ma sun rubuta cewa sanin irin injinsu added advantage ne, wato zai ɗaga mutum sama da sauran masu nema. Injin nan irin namu ne sak, kuma Injiniya ya shekara ashirin yana jinyarsa.

Na zauna na rubuta gaskiya tukuna, shafi guda cif. Da na karanta sai na ga ko ni ce kamfanin, a ranar zan ɗauke shi. Na leƙa ta tagar gilashi, na hango shi a durƙushe ƙarƙashin inji, na tuna ba ni da wani mai iya taɓa shi. Sai na goge. Na rubuta layi biyar: ya daɗe tare da mu, ba ya makara, yana da ladabi, kuma always helpful. Zancen inji ko da wasa ban kawo ba. Na buga hatimi ina gaya wa kaina ai babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Ba su ma kira shi ganawa ba. Ya yi wata biyu yana duba waya, daga baya ya ce ba rabonsa ba ne, ya ci gaba da aikinsa.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na iya mantawa. Ashe ya riƙe kwafin takardar. 'Yarsa ta fari, a lokacin tana aji biyu a sakandare, ta duba masa ƙamus ta ce helpful na nufin mai taimako. Wai, murna wajen mutumin nan. Da hannunsa ya sa takardar a leda a injinmu, ya rataye ta saman akwatin kayan aikinsa. Duk baƙon da ya tsaya sai ya nuna masa: "Kun ga abin da uwar ɗakina ta ce a kaina."

Kullum ta gaban takardar nan nake wucewa zuwa ofis, kuma kullum sai na kau da kai. Sau biyu na ƙara masa albashi bai roƙa ba, ya dinga yawo da ni a baki wai na gado kirkin mahaifina. Duk wata yana neman izinin kai matarsa layin asibiti, har da ba ni haƙuri. Wallahi haƙurin nan ya fi zagi ciwo.

Yarinyar ta girma, ta gama karatu, ta yi shekara biyu a wajenmu tana tsara shafuka a kwamfuta. Turancinta yanzu ya kai nawa, in ma bai fi ba. Makon jiya ta samu inda za ta nemi aiki, uban ya rako ta har ofis.

"Uwar ɗaki, alfarma ɗaya," ya ce. "Ki sa mata kalmar nan da kika sa mini. Ni dai ita nake so ta gada."

Yarinyar tana tsaye a bayansa. Ta dubi takardar da ke rataye ta cikin gilashi, sannan ta dube ni.

Bayan ya fita na rubuta mata shafi guda da rabi. Na faɗi abin da ta iya dalla-dalla, na ce asset ce, na ce tafiyarta asara ce a gare mu. Ta karanta a tsaye har ƙarshe, ta ninke a hankali.

"Na gode, Anti," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ashe kin san sauran kalmomin."

Kafin in sami bakin amsawa, Injiniya ya leƙo yana goge baƙin mai a hannu.

"Ta sa miki kalmar?"

Ban sa ba, hannuna ya ƙi. Yarinyar ta dubi takardar da ke hannunta.

"Ta sa, Baba," ta ce.

Ya sa mini albarka, ya sa wa mahaifina, ya koma wajen injinsa. Ita kuma ta ja mini ƙofa a hankali, ni ko ɗaga kai na kasa.